Kalma da Abokan Tafiyarta: Kundin Koyon Turancina a Kantin Kwari

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

Yau na sayi littafin rubutu mai falle tamanin, na rubuta bisimilla a shafin farko, na ja layi a tsakiyar kowane shafi: Turanci a hagu, Hausa a dama. Niyyata kalma goma kullum.

Shekarata ashirin da biyu a Kantin Kwari, sha huɗu ina yaron shago, takwas ina cin gashin kaina. Bokona a aji uku na ƙaramar sakandare ya tsaya, inda na ɗan yi nisa shi ne allo da karatun zaure. Turancin da ke bakina na ciniki ne, kuma ya ishe ni da 'yan Kudu masu zuwa sarin atamfa da shadda. Inda ya gaza shi ne saƙonnin da ke shigo mini ta WhatsApp daga masu masaƙu a Guangzhou ta ƙasar Sin da Surat ta Indiya. Shekara uku ke nan ɗan yayana ke karanta mini su yana mayar da amsa. Yaro ne mai amana, amma bana zai tafi bautar ƙasa. Ko ba don tafiyarsa ba ma, abin ya daɗe yana ci mini rai: dukiyata ce, bashina ne, amma sai an gaya mini abin da aka ce a kansu. Akwai manhajar fassara a waya, ina kuwa taɓa ta, sai dai sau da yawa Hausar da take ba ni ba wadda zan ɗora miliyoyin naira a kanta ba ce.

Kalmomin yau duk daga takardar kaya na tsamo su: "invoice", "quantity", "deposit", "balance", "sample" da wasu biyar. "Sample" ba baƙuwa ba ce, ita muka mayar samfur tun tuni.

Lahadi, 19 ga Janairu

Mako biyu, kalma 140. Jiya da dare 'yata ta biyu, wadda ke aji biyar na sakandare, ta karɓi littafin ta riƙa jefo mini su ɗaya bayan ɗaya. Na kawo 58. Wannan bai dame ni kamar abin da ya biyo baya ba. Ta ce, "Abba, to sa mini 'borrow' a jimla." Na ce "borrow me your pen". Ta ce a makarantarsu jan biro za a zagaye wannan da shi. Na buɗe littafin, sai ga shi na rubuta aro a gaban "borrow", na kuma rubuta aro a gaban "lend". Ma'anar ba ƙarya ba ce, amma ba ta kai ni ko'ina ba.

Na kai maganar wajen maƙwabcinmu, dattijon da ya shekara talatin yana koyar da Turanci a sakandaren gwamnati kafin ya yi ritaya. Bayan isha'i muka zauna a dakalin ƙofar gidansa. Ya ce Bature hannun da abin ya bi yake dubawa: wanda ya karɓa shi ya yi "borrow", wanda ya bayar shi ya yi "lend". Mu kuwa abin da aka bayar ɗin muke dubawa. In tsani ne ko tabarma, abin da shi ɗin za ka mayar, aro ne. In kuɗi ne ko hatsi, wanda za ka kashe ko ka cinye ka biya da kwatankwacinsa, rance ne. Bature bai raba nan ba, kuɗi da tsani duk "borrow" ne a wurinsa. Kowane harshe da gaɓar da ya sa wuƙa.

Sai ya ja littafin ya dudduba, ya ɗora yatsa kan layin da na ja. Ya ce, "Ɗana, wannan layin shi ke cutar ka. Ka ɗauka kowace kalmar Turanci tana da 'yar'uwarta guda a Hausa tana zaune tana jiran ta." Na ce, "To Baba Malam, yaya zan yi?" Ya ce duk kalmar da zan rubuta in kwafo ta da jimlar da na same ta a ciki, sannan in ƙirƙiri tawa jimlar a kan harkar shagona. Ya kuma ce in rage zuwa biyar a rana. Na ji nauyin ragewar, amma na bi.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Sabuwar shekarar mutanen Sin ta kama ranar 29 ga Janairu, masaƙu sun rufe, waya ta yi shiru. Na sami sarari na gyara kayan aiki.

Baba Malam ya ara mini tsohon Ƙamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner, wanda aka fara bugawa a Zariya a 1965. Takardunsa sun yi ja, amma yana da albarka wajen ba ka ma'anar farko da sauri. Sai ya haɗa mini da wani iri dabam, ƙamus na Turanci zalla wanda aka yi musamman don waɗanda ba harshensu ba ne. Da farko na ƙi, na ce yaya za a fassara mini abin da ban sani ba da abin da ban sani ba. Ya nuna mini cewa na Longman duk bayaninsa a cikin kalmomi kusan 2,000 mafi sauƙi aka tsare shi. Na Oxford kuwa, wanda ya fito a 1948, A. S. Hornby ne ya tsara shi, mutumin da ya daɗe yana koyar da Turanci a Japan, ya ga inda baƙon harshe ke tuntuɓe. Abin da ya ja ni gare su shi ne misalai. Kowace ma'ana da jimlolinta a ƙarƙashi. Yanzu na Skinner nake fara buɗewa, in ƙare da na Oxford a waya.

Maganar mantuwa kuma na koma wa abin da na sani. A makarantar allo ba a wanke allo a wuce gaba a bar na baya, akwai tishi. 'Yata ta ce akwai wani Bajamushe, Sebastian Leitner, da ya fito da tsarin akwati mai gida-gida a 1972, katin da ka sani ya matsa gaba, wanda ka manta ya dawo baya. Na samo gwangwanin madara uku. Na yayyanka kwalin da ke zuwa a cikin turamen atamfa na yi katuna, jimlar Turanci a fuska ɗaya, bayani a baya. Gwangwani na farko kullum nake buɗe shi bayan asuba, na biyu duk kwana uku, na uku ranar Juma'a. Duk katin da ya kuɓuce mini, ko a na uku yake, ya koma na farko.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Wannan makon kalma ɗaya ta ci mini kuɗin aike da kwana goma sha biyu, kuma ina son in rubuta ta dalla-dalla don kada ta sake.

Da masaƙu suka buɗe na ce bari in gwada rubuta saƙo da kaina. Akwai wata shadda da nake ɗauka, ina son irinta sak amma a sassauta mini farashi tunda zan ƙara yawa. Na rubuta "I want cheap quality". A raina araha nake nema. Mutumin ya amsa da "OK", ya aiko samfur ta jirgin sama. Da na warware sai ga abu shara-shara, ana hango hannu ta bayansa. Raina ya ɓaci, har na fara tunanin an raina ni. Da ɗan yayana ya karanta abin da na tura sai ya ce, "Baffa, ai abin da ka nema aka aiko maka." Mutumin bai yi laifin komai ba.

Na zauna da "cheap" a ƙamus kusan awa guda. Ma'anarta ta farko mai sauƙin kuɗi. Ta biyu mai sauƙin kuɗi kuma marar kyau. In aka jingina ta da mutum ko hali, ta zama zagi. Da na haɗa ta da "quality" na tura ta ga ma'ana ta biyu kai tsaye. Abin da ya kamata in ce shi ne "same quality, better price", ko in nemi "discount", wato rangwame. Akwai kuma "affordable" da "reasonable", masu nuna sauƙin farashi ba tare da sun zubar wa kaya daraja ba. Mu ma ai mun san wannan inuwar a kalmarmu, shi ya sa muke cewa araha ba ta ado. Kawai ban zaci Turanci ma yana da ita ba.

Daga nan na koyi yadda masaƙa ke faɗin kaurin yadi. Ba sa cewa mai kauri ko marar kauri, nauyi suke aunawa, giram nawa ne a kowace murabba'in mita, su rubuta GSM da lamba. In ka faɗi lambar babu sauran jayayya. Haka tsawo: yadi ɗaya inci 36 ne, mita kuwa ta haura inci 39, don haka turmi mai yadi shida bai cika mita biyar da rabi ba. Na yi wa kowannensu kati.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar 1 ga wata, yau tara. Kasuwa ta fara cika da masu sayen kayan Sallah, na rage zuwa kalma uku, bayan sahur nake yin su kafin a kira salla.

A wata takardar masaƙa na ga "colour fastness". Na san "fast" sauri ce, na kuma san azumi ne. Na rasa abin da ya haɗa launi da sauri. Ashe akwai ta uku, kuma ita ce uwar sauran: abin da ya kafu, ya riƙe gam. Launin da yake "fast" shi ne wanda ya kama yadi, ba ya zuba. Baba Malam ya ce ma'anar azumi ma daga nan ta tsiro, riƙe kai da ƙarfi. Ya ƙara mini da "breakfast", ya ce in raba ta biyu. "Break" karyawa, "fast" azumi. Na yi shiru, don mu ma karya kumallo muke cewa. Mutanen da ke nesa da juna haka, amma duk suka ga abincin safe a matsayin karya wani abu. Irin wannan kalmar ba ta buƙatar gwangwani, ta zauna daram.

Alhamis, 27 ga Maris

Kwana tara ban buɗe gwangwani ba. Goman ƙarshe ga tahajjud ga cunkoson kasuwa, ba na komawa gida sai an kusa shan ruwa. Ban ƙara sabuwar kalma ba. Zan dawo bayan Salla in Allah ya yarda.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na dawo. Cikin katuna 90 da ke gwangwani na uku, 31 sun koma na farko. Abin da na lura da shi: kusan duk waɗanda suka zube na farkon nan ne da na kwafo daga tsohon jeri. Waɗanda na yi wa jimla da kaina a kan shagona sun tsaya.

Makon nan a kan "yi" na ƙare. A Hausa ita ce jakar magori: yi ciniki, yi kuskure, yi oda, yi alheri. Turanci ya raba ta tsakanin "make" da "do", kuma babu wata doka da za ta fisshe ka a kowane wuri. "Make a payment", "make an offer", "make a profit", "make a mistake", amma "do business", "do the work", "do me a favour". Oda kuma sau da yawa "place an order" ake cewa. Na tambayi Baba Malam dalili, ya ce in bar neman dalili, in tambayi kaina me ya sa muke shan mangwaro amma muke cin ayaba.

Wannan tambayar ta buɗe mini ido a kan harshena kafin na Bature. Na zauna a shago lokacin da kasuwa ta lafa na jera abin da muke "sha": ruwa, magani, taba, iska, wahala, kaye, duka, mamaki. A Turanci kowanne da aikatau ɗinsa, ruwa "drink", magani "take", taba "smoke", wahala "suffer". Na jera na "ci": abinci, jarrabawa, bashi, amana, kasuwa, riba, sarauta. Jarrabawa "pass", amana "betray", ƙwallo "score". Na zo kan "ji": magana, wari, zafi, ɗanɗano, Hausa. Daga nan ne "I am hearing smell" ke fitowa a bakin mutanenmu, alhali Bature ya ware "hear", "smell", "feel", "taste", "understand". Akwai wani abokin cinikina ɗan Onica, ya shekara goma yana zuwa Kano, Hausarsa ta kai a yi ciniki har a yi raha, amma har yau yakan ce ya ci lemo. Kowa na gane shi, sai dai kunne yakan ɗan tsaya. Haka nawa Turancin yake a kunnen masu shi.

Malam ya ce masana suna kiran wannan "collocation". Ni na sa masa suna abokan tafiya. Yanzu in zan yi kati ba na rubuta kalma tsirararta. Ba "deposit" ba, "pay a deposit". Ba "deadline" ba, "meet the deadline". Ba "rain" ba, "heavy rain", domin ruwa mai ƙarfi a wurinsu mai nauyi ne.

Na kuma fara wata dabara: in karanta labari a Aminiya, sannan in nemo shi a Daily Trust, tunda gida ɗaya ke fitar da su. In na riga na san abin da ya faru, Turancin ba ya tsorata ni, hankalina sai ya koma kan yadda aka jera kalmomin.

Lahadi, 4 ga Mayu

Wasu maƙwabtana na layi suna Guangzhou wajen baje kolin Canton, ni ina nan da gwangwanaina. Baɗi nake fata.

Karatun zaure ya yi mini rana a makon nan. Wanda ya taɓa sarfu, wato ilimin ginin kalmomin Larabci, ya san daga harafi uku ake fitar da kataba, kitab, katib, maktab. Ashe Turanci ma yana da irin wannan, musamman a kalmomin da ya ɗebo daga Latin. "Port" a cikinsu ɗauka take nufi. "Import" ɗauko ciki, "export" ɗauka waje, "transport" ɗauka daga nan zuwa can, "portable" abin da ke ɗaukuwa, "porter" ɗan dako. Kalma biyar a kuɗin ɗaya. Na yi saurin haɗawa da "port" ta tashar jirgin ruwa irin Apapa, Malam ya ce ita daga wata kalmar Latin ɗin ta fito, mai nufin mashigar jirage.

Sai ɗafe-ɗafen gaba da baya. "Re" sakewa: "reorder", "resend". "Over" wuce kima: "overcharge". "Mis" kuskure: "misprint". Ɗafin "er" kuwa kamar "ma" ɗinmu yake, wanda ke cikin marubuci da mabuɗi, wato mutum ko kayan aiki: "buyer", "seller", "supplier", "opener". Amma a nan ma akwai rami. "Cooker" ba mai dafa abinci ba ne, murhun ne, shi mutumin "cook" ne. Wadda ta fi ba ni tsoro a matsayina na ɗan kasuwa ita ce "priceless". Tunda "less" rashi ne, na ɗauka abin banza ne ko kyauta. Ashe abin da darajarsa ta wuce a sa masa farashi ne. Marar amfani "worthless" ne. Saiwar kalma tana ba ka zato mai kyau, amma sai ka tabbatar a ƙamus.

Wani abin da ya faranta mini rai: kalmomin sana'ata da yawa ta hanyar Larabawa suka shiga Turanci. "Cotton" daga ƙuɗun, auduga. "Tariff", kuɗin fito, daga ta'arif. "Damask", sunan irin saƙar shaddarmu mai zane a jiki, daga birnin Dimashƙa. "Muslin" daga Mosul ta Iraƙi. Na shekara ashirin ina auna shadda ban san sunanta na Turanci yana ɗauke da sunan Sham ba.

Lahadi, 25 ga Mayu

Matsalar "p" da "f". A harshenmu sauti ɗaya ne, shi ya sa in na ji kalma a saƙon murya nakan neme ta a harafin da ba nata ba. Na ɓata lokaci ina neman "fattern". Na haɗa tagwaye ina karantawa da ƙarfi, 'yata tana gyara mini: "pull" da "full", "copy" da "coffee", "passion" da "fashion". Ta koya mini in riƙe takarda a gaban baki, in "p" ce takardar za ta motsa da bugun iska. Ina samun ci gaba a kunne, baki ne da saura.

Daga Surat kuma na koyi cewa Turancin Indiya yana da nasa lissafin. "Lakh" dubu ɗari ne, suna rubuta shi 1,00,000. "Crore" miliyan goma. Wanda bai san wannan ba, waƙafin kaɗai zai ruɗa shi.

Lahadi, 15 ga Yuni

Babbar Salla ta wuce ranar Juma'a 6 ga wata. Muna gyaran nama a tsakar gida 'yata ta tambaye ni sunan rago da Turanci, na ce "ram". Ta ce namansa fa? Na ce "ram meat". Ta ce "mutton". Saniya "cow" amma namanta "beef". Mu da mun ce naman rago, naman sa, magana ta ƙare. Da na kai wa Baba Malam nasa kason na tambaye shi. Ya ce a 1066 mutanen Normandi masu magana da Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnuka. Sunan dabba ya zauna a tsohon Turanci, sunan naman ya zo daga Faransanci.

Na ɗauka labari ne kawai na jin daɗi, sai ya nuna mini inda ya shafe ni. Saboda wannan tarihin ne Turanci ke da kalma biyu a abu ɗaya, ta gida da ta ofis: "buy" da "purchase", "ask" da "enquire", "begin" da "commence", "help" da "assist". Takardun banki da na kwastan da ta ofis ɗin suke magana. Rabin kalmomin da ke firgita ni a takarda, ashe na riga na san 'yan'uwansu na gida. Na ware wa wannan shafi huɗu a littafi.

Akwai kuma namu Turancin na Najeriya. Na rubuta wa mutumin Surat cewa zan tura kuɗi "next tomorrow", ya dawo yana tambaya wace rana ke nan. Jibi nake nufi, su kuwa "the day after tomorrow" suke cewa, kalma huɗu a inda muke da ɗaya, balle a zo ga gata da citta. Haka "well done" da muke gaida mai aiki da ita. Sannu da aiki ce muka juya, amma a waje yabo ne ga wanda ya gama abu da kyau. Ni ban yarda a kira waɗannan kuskure ba. A Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Turancin Najeriya 29, har da "next tomorrow" ɗin, da "okada", da "danfo", da Kannywood. A farkon bana ma an sanar da shigar "suya". Namu ne, kuma yana aiki. Sai dai kamar naira yake, a Kwari tana saye, a Surat sai an canza. A katunana yanzu ina ɗiga koren biro a kan duk wadda ta gida ce kawai.

Lahadi, 13 ga Yuli

Ɗan yayana ya tafi. Kwana huɗu da tafiyarsa wata mai sari ta dawo mini da turmi uku daga sabuwar dilar da na buɗe, ta ce suna zuba. Na jiƙa ƙyalle a bokiti a gabanta, ruwan ya rine. Na mayar mata da kuɗinta, na ba ta haƙuri, na zauna rubuta ƙorafi ni kaɗai.

A nan na ga amfanin wata shida. Na san ba "fade" ba ce, don "fade" koɗewa ce a hankali saboda rana ko yawan wanki. Ba "shrink" ba ce, wannan tsukewa ce. Ba "stain" ba ce, wannan tabo ne. Zuba ita ce "run" ko "bleed", launi ya gudu ko ya yi jini. "Run" ɗin nan na riga na yi mata kati biyar: gudu, tafiyar da shago, ƙarewar kaya a "run out of stock", aikin inji, da wannan. Na rubuta "The colour runs in the first wash." Na haɗa da bidiyon bokitin da lambar dilar. Ban ce "you cheated me" ba, ko da yake ita ta fara zuwa mini, domin zargin ha'inci ne kuma ba ni da hujjar niyya. Na ce "This is not the quality we agreed on", na nemi "replacement or refund". Layi shida, sun ɗauke ni minti arba'in.

Washegari amsa ta zo, na karanta ta a tsaye a bakin shago ban kira kowa ba. Sun amsa cewa matsala ce daga wajen rini, za su yi "compensate" a kaya na gaba. Kalmar tana gwangwani na biyu, biyan diyya. Na nemi su rubuta adadin, suka rubuta. Da dare na kai wa Baba Malam wayar, ya karanta nawa da nasu, ya gyara mini wuri ɗaya da na bar "the", ya miƙo mini ya ce, "Madalla, ɗana."

Lahadi, 3 ga Agusta

Lissafin yau: kati 612. Gwangwani na uku 370, na biyu 155, na farko 87. Littafin farko ya cika, na sayi na biyu, wannan karon ban ja layi a tsakiya ba. Na ƙara sauraron shirin BBC na minti shida na koyon Turanci a hanyar kasuwa, sau biyu kowane shiri, na biyun ina bin rubutunsa. Yara biyu na layinmu sun fara yanka nasu kwalin, ɗaya yakan zo da azahar mu yi wa juna tambaya.

Inda na fi rauni yanzu shi ne ƙananan kalmomin da ke juya aikatau. "Put on", "put off", "put out", "put up with": sanyawa, ɗagewa, kashe wuta, haƙuri da abu. "Put" ɗaya ce, amma ba abin da ya haɗa ma'anonin. Sai kuma harshen yarjejeniya. Takardar jirgin ruwa ta kayan da ke tafe ta iso ranar Laraba, na ja layi ƙarƙashin kalma goma sha ɗaya. "Consignee" na gane, ni ne, mai karɓar kaya. "Demurrage" na san zafinta tun kafin in san rubutunta, kuɗin da ake caji in kwantena ya wuce kwanakinsa a tasha. Waɗanda suka tsaya mini su ne "liable", "waive" da "subject to". Ta ƙarshen ta fito sau huɗu a shafi guda, kuma ina ganin ba abu ɗaya take nufi a duka huɗun ba. Baba Malam ya ce in kwafo jimlolin huɗu a kati huɗu in zo da su ranar Alhamis bayan isha'i.